Mai Tarin Itace da Murhun Iya

A wani zamani an yi wani mutum da ya fi kowa tanadin itace a garinsu. Ƙona shi ne kawai bai taɓa yi ba.

Kullum da sassafe lokacin sanyi, sai ya ɗauki fasasshen kasko ya shiga gidan wata tsohuwa maƙwabciyarsa, ya ce, "Iya, na zo ɗiban wuta." Sai ya tsuguna bakin murhu yana ta gaisuwa har rana ta yi zafi. Yau haka, gobe haka.

Ran nan ya tarar da murhun ba ko hayaƙi. Iya ta ce, "Gaisuwarka ta cinye mini itace, ɗan nan. Yau a gidanka za mu ji ɗumi."

Yana rawar ɗari ya kai ta gaban tarin da ya shekara bakwai yana ajiya. Ya ce, "Ɗaya tak, Iya." Yana zaro ɗayan, sai tarin ya rufta, ya zama ƙasa.

Iya ta leƙa ta ce, "Ashe kai ma kana da baƙi."

Gara ce ta shekara bakwai a ciki, ko gaisuwa ba ta taɓa yi masa ba.