Giya a Romon Zongo

Kofin bai kai bakin Na'ima ba ta sauke shi. Ta sake kai shi hanci. A ƙarƙashin warin daddawa da hayaƙin busasshen kifi akwai wani abu mai kaifi, irin wanda ta saba ji a ɗakin gwaje-gwaje.

"Malam Mumin, kada ka ƙara sayar da ko kofi ɗaya. Akwai giya a cikin nan."

Ta makara. Wani dattijo ɗan Sanagal ya riga ya tofar da nasa, yana salati da ƙarfi, yana nuna wa 'yan sanda biyu rumfar.

Ranar Juma'a ce, saura awa biyu Qatar da Sanagal su shiga filin Al Thumama a gasar cin kofin duniya. Rumfar Mumin, mutumin Zongon Kumasi, tana kan hanyar da 'yan kallo ke bi, kuma abin da yake sayarwa ya fi kama da tukunyar miya da aka jefa wa ƙanƙara: zoɓo da yaji a bakin kofi, tsamiya da garin kuka, ruwan kokwamba da ɗanyar kuɓewa. Wanda ake layi a kansa shi ne Romon Zongo, wato ruwan tumatir da daddawa da romon kifi da barkono. Na'ima, ɗalibar kimiyyar abinci daga Zariya, ta fara zuwa ne don ta yi masa dariya. Yau sati uku ke nan ba ta fashi. A allon rumfar an rubuta da harshe uku cewa babu giya.

'Yan sandan suka ɗebi samfur, suka karɓe katin zaman Mumin, suka ɗaure gaban rumfar da jan zare. Babbansu ya ce yanzu hannunsu a cike yake. In 'yan kallo sun gama shiga fili za su dawo, kuma dole su tafi da mutum ɗaya: ko wanda ya zuba, ko mai rumfa.

Kowa ya san ma'anar wannan. Gidan yari, sannan jirgin Accra, bayan shekara goma sha ɗaya da ya yi yana neman abinci a Qatar.

Mumin ya kasa zama. Ya ɗauki tsumma ya ajiye, ya buɗe firji ya rufe. Na'ima ta ja shi bayan rumfa, inda famfo yake.

"Ko daddawar ce ta juya?" in ji shi.

"Daddawa ba ta zama giya, kuma tulun romon a ƙanƙara yake tun safe. Wannan ta kwalba ce, hannu ya zuba. Su wa suka taɓa kayan yau?"

"Mma Ajaratu mai dafa romo, da Yusif mai kawo tumatir, sai Aruna da muke haɗawa tare."

"Kai fa? Ba ka ɗanɗana ba?"

"Na sha rabin kofi. Na ji zafi a maƙogwaro, na ce barkono ne."

"Warin fa? Yana dukan hanci tun daga nesa."

Ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Malama, tun da korona ta kwantar da ni hancina ya mutu. Shekara biyu ba na jin warin komai, kuraa. In kafil, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya ji, khalas, ya ƙwace rumfa. Aruna ne hancina. Kullum in na haɗa, na yi Bismilla, shi nake ba kofin farko, ya shinshina, ya sha, ya ce a ƙara kaza."

"Yau me ya ce?"

"Ya ce azumi yake."

 Na'ima ta kira Ajaratu, wata mai jiki da ba ta iya magana a hankali.

"Romona na dafa da asuba a Al Asmakh," in ji ta. "Na liƙe bakin robar da salatif kamar kullum. Mumin da hannunsa ya yanka. Ragowar ma na nan, shinshina!"

Na'ima ta shinshina. Kifi ne da daddawa, ba komai. Ta sallame ta.

Yusif direba sai juya makullin mota yake, yana duba agogo, don an kusa rufe titi.

"Chale, ni kwando huɗu na ɗauko a gonar Umm Salal, na sauke a nan waje ƙarfe tara. Ba a markaɗa a gabana ba. Takardar izinina ma ba ta ba ni damar shiga bayan rumfa ba, tambayi mai gadi."

Ta tambayi mai gadin, ya ce haka ne. Tana dawowa idonta ya faɗa kan igiyar da ke saman famfo. Farar rigar aiki ce a shanye. Ta taɓa. Bayanta da wuyanta a bushe suke, har da tsohon jirwayen tumatir a kafaɗa da ba wanda ya damu da shi. Gabanta da hannun dama ne kawai a jiƙe, an cuɗe su sosai.

Aruna yana zaune kan kwando, sanye da sabuwar rigar 'yan wasan Sanagal. Zufa ta jiƙa masa wuya. Na'ima ta tsuguna gabansa.

"Sannu, Malam Aruna. Kai da Mumin tun yaushe?"

"Unguwarmu ɗaya. Yayana ne, paa."

"Bayan an haɗa romon, wa ya zauna da tulun?"

"Kowa na wucewa ta nan."

"Rigar can taka ce?"

"Tumatir ya zube mini."

"Shi ya sa ka sayi sabuwa?"

"Zan je masallaci ne."

Ajaratu, wadda ba a tambaye ta ba, ta saki baki daga nesa. "Kai da kake salla kullum da riga kamar an yanka kaza a kanta? Yau ka san tsabta?"

Can cikin fili aka ɗauki ihu, an fara wasa. Na'ima ta ci gaba da jero tambayoyi da sauri: ƙarfe nawa ya iso, wa ya kawo ƙanƙara, ina marfin tulun, wa ya riƙe rumfa da Mumin ya je alwala. Yana cikin amsawa, yana inda-inda, ta buɗe gorar ruwa mai sanyi ta miƙa masa kamar ba da gangan ba. Ya karɓa ya kafa kai. Sai da ya sha rabi ya tsaya, gorar a baki.

Rana tana nan, ba ta faɗi ba.

"Allah ya ba da ladan azumi," in ji Na'ima.

Ta miƙe, ta juya ga Mumin. "Wanda ya yi wannan ya san hancinka ba ya aiki, in ba haka ba ba zai ko gwada ba. Mutum ɗaya ya sani. Ya zaɓi Romon Zongo don barkono zai ɓoye zafin a bakinka. Matsalarsa ɗaya: kofin farko nasa ne. Ba zai sha abin da ya san haramun ne ba, sai ya ƙirƙiro azumi. Da yana zuba giyar cikin gaggawa, ta fallatsar masa a hannu da ƙirji. Tumatir ba ya hana salla, shekara biyu bai taɓa hana shi ba. Amma najasa fa? Ya wanke daidai inda ta taɓa, zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya sayi wata riga ya tafi Juma'a." Ta dubi Aruna, ranta a ɓace. "Rigarka ka tsarkake, ka ɗura wa Musulmi arba'in."

Aruna ya ajiye gorar. Bai yi musu ba. Ya ce wani abokinsa mai aiki a otal ne ya ɗuro masa giyar a gorar ruwa.

"Shekara biyu, Yaya," in ji shi. "Kukar nan da tsamiya, ni na gano. Kuɓewa, ni ne. Turawa na ɗaukar hoto da kai, allo sunanka, kafil kai ya sani. Ni hanci ne kawai. Na ɗauka rufe rumfa za a yi kwana biyu, a ba ni ita. Wallahi ban san za a kai ga gidan yari ba."

"Ka sani," in ji Ajaratu.

Mumin bai ɗaga murya ba. Abin ya fi ƙarfin faɗa, baƙin ciki ne zalla a fuskarsa. A bakin titi 'yan sandan nan biyu sun taho, babban yana riƙe da katin Mumin, yana cewa yalla, a yi sauri, wa za su tafi da shi.

"Da ka ce a sa sunanka a allo, da na sa," in ji Mumin. "Amma Aruna, kana tsaye a gefena na ɗaga kofin nan. Ka ji na yi Bismilla. Har ka ce mini a sha lafiya."

Ya matsa gefe, ya ba 'yan sandan hanya.