Farin Gurbi a Taswirar Madaci

Ranar da Sadiƙa ta fara ganin Taufiƙ, faɗa ta je yi masa. Wani abu mai ƙugi kamar rina ne ya tashi daga dajin madacin mahaifinta a bayan Garwa, ya tarwatsa mata tattabaru. Ta yafa gyale ta bi ƙarar, ta iske saurayi a gindin bishiya ya duƙufa kan waya.

Ma'aikacin gandun daji ne. Ya ba ta haƙuri, ya ce ɗan ƙaramin jirgin nan, wato dron, hoton ganye yake ɗauka, don inda tsutsa ta huda reshe launi yakan canja tun ido bai gani ba. Ta zo da masifa, ta koma da lambarsa.

Daga nan saƙo ya ƙi ƙarewa.

"Wuni na yi ina kallon ganye, tauraruwata, amma ke nake gani."

"Malam mai jirgi, ka kula da aiki kada shef, shugaban naku, ya kore ka. Ni ma na yi kewarka."

Mahfuzu, ɗan ƙanin mahaifinta, ya daɗe yana sonta, ita kuwa ko a jikinta. Shi ya je ya hura wa mahaifin nata, Alhaji Sulaimanu, kunne cewa jirgin nan tsakar gidan mutane yake leƙawa, har inda mata suke wanka. Alhaji ya fusata. Ya ce mai leƙen gidansa ta sama ba zai auri 'yarsa ba, kada ma manyansa su wahalar da kansu.

Sadiƙa ta sha kuka, har ita ma shakka ta kama ta. Ta tambayi Taufiƙ.

"Ka gaya min gaskiya, ka taɓa ganina daga sama?"

"Wallahi ko sau ɗaya, Sadi."

Da aka gama aikin, Taufiƙ ne ya kawo wa Alhaji sakamako a zaure. Alhaji ya amsa gaisuwa a daƙile. Ya bi taswirar da yatsa, kore inda bishiya take lafiya, ja inda za a datse. A gefe sai ya ga farin gurbi, babu hoton komai, ja kuma ya kewaye shi. Ya tambayi mene ne.

"Gidanka ne, Baba. Ba a ba ni izinin shiga ba, shi ya sa jirgina ma yake kewayewa."

Ya ƙara da cewa shef ya yi masa faɗa a kan gurbin, domin madaci mafi girma, wanda ake hangowa tun daga waje, a tsakar gidan yake, kuma tsutsar ta kusa kai masa.

Alhaji ya sake duban gurbin. Bishiyar nan mahaifinsa ne ya dasa ta shekarar da ya zo daga Kano, yana ji da ita kamar ɗa.

"Jirgi dai ba zai shiga ba," in ji shi. "Baƙo kuma ba ya wuce zauren nan. Sai ka turo manyanka tun bishiyar tana da rai."

Sadiƙa, da ke laɓe a bayan ƙofa, ta toshe baki don murna.

Bayan sallah aka ɗaura aure. Da ango ya zo gaida surukai, da almakashin datse reshe ya zo a aljihun babbar riga. Alhaji da kansa ya riƙe masa tsani, yana cewa Allah ya yi musu albarka, ya kuma bi a hankali, kada ya mayar masa da 'ya bazawara.