Fangalin Bawa da na Hansai

Sunan garin ya ɓace mini, na falken ma ya bi shi, amma sauran labarin yana nan.

Wani falke ya ba wani mutum mai suna Bawa irin wani ganye mai kama da alayyafo, sai dai ya fi shi faɗi, karansa kuma ja. Bawa da matarsa Hansai suka shuka shi a bayan ɗaki da rani, fangali ɗaya nasa, ɗaya nata.

Kullum Hansai ta tsinki na gefe, ta bar na tsakiya. Bawa ya ce, "Hansai, wannan ai rowa ce."

Ta ce, "Maigida, na gefe na yau ne, na tsakiya na gobe."

Ran nan abokansa suka zo. Don a ce Bawa ya iya karɓar baƙi, ya tuge nasa duka har saiwa, yadda ake yi wa alayyafo. Aka ci, aka yaba, aka tafi.

Mako ya zagayo, abokan suka dawo, har da ƙarin baƙi. Fangalin Bawa kuwa kaji ke birgima a ciki. Ya leƙa madafa ya ce, "Uwargida, ko za a taimaka?"

Ta ce, "Je ka tsinko a nawa."

Ya tsuguna, hannunsa ya nufi tsakiya. Ya tsaya, ya koma gefe.

Daga baya wani mai lambu ya tabbatar mini cewa ganyen nan, in ba a taɓa tsakiyarsa ba, yakan yi watanni yana toho.