Mai Ƙwanƙwasawa Daga Narayi

Ladan bai gama kiran magariba ba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan Ɗahiru a Makera. Matarsa Fiddausi tana tuƙa tuwo a tsakar gida, 'yarsu A'isha tana kwashe shanya, shi kuma yana tsugune da buta. Ƙara ce guda, ƙwaram, sai shiru. Ya ɗaga kai ya zagi yaran unguwa, ya ci gaba da alwala. Bai kai ga shafar kai ba wani dutsen ya sake faɗowa. Ya fita waje da ruwa yana ɗiga daga gemunsa, bai ga kowa a layin ba sai tsofaffi masu tafiya masallaci.

Haka aka wayi gari, haka aka sake wayarwa. Da rana lafiya lau, amma da zarar rana ta yi ja, jifa ta fara kenan. Abin da ya fi tayar wa Fiddausi hankali shi ne yadda duwatsun ba sa gaggawa. Ɗaya zai faɗo, a yi shiru kamar tsawon karanta Fatiha, wani ya faɗo, kuma tazarar ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Ɗahiru ya hau rufin da kansa, ko tsakuwa bai samu ba. Ya sauko yana huci ya ce duk ɗan iskan da ya kama, sai uwarsa ta kasa gane shi. Dama shi mutum ne mai zuciya, kuma tun rasuwar mahaifiyarsa a damina zuciyar ta ƙara muni, har kaji sun san su kauce in ya shigo.

Ranar da jifa ta tsaya, ranar suka gane gara ma da ta ci gaba. Fiddausi ta kira A'isha ta ɗauki abinci, shiru. Ta bi ta har zaure, ta tarar da ita zaune a ƙasa ta fuskanci bango, daidai ƙarƙashin ƙaramin akwatin intanet da Ɗahiru ya kafa a can sama. Yarinyar ta dunƙule hannu tana ƙwanƙwasa bangon, ta tsaya, ta sake ƙwanƙwasawa, da tazarar nan ta duwatsu.

"A'isha, mene ne haka?"

Ta juyo a hankali. Idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne. Muryar da ta fito kuwa ta tsoho ce, mai kauri, mai gajiya.

"Ku ma ku ji yadda yake."

To bari in faɗa muku mene ne akwatin nan, don a kansa zancen yake. Sana'ar Ɗahiru haɗa intanet ce da kafa kamarori a shaguna da gidaje, kuma tare suka koye ta da Shekari, abokinsa tun na makarantar firamare, wanda ke zaune a Narayi da matarsa Lydia da 'yarsu Grace. Tun da soja suka koma bariki garin Kaduna ya sha rikici, kowa ya tattara ya koma cikin nasa, kuma in aka sa dokar hana fita Ɗahiru ba ya iya leƙa Narayi, Shekari ba ya iya leƙa Makera. Sai suka haƙa wa kansu ɓoyayyar hanya ta cikin intanet, daga akwatin wannan zuwa akwatin wancan, yadda kowa zai ga kamarar ƙofar gidan ɗan'uwansa ya san lafiya suke.

Haɗa irin wannan hanya ba wuya, amma tana da ƙa'ida. Kowane akwati yana da mabuɗi biyu, na ɓoyewa da na bayarwa. Ka ba abokinka naka na bayarwa ya sa a akwatinsa, shi ma ya ba ka nasa ka sa a naka. Sai akwatunan su gane juna, su yi abin da masu sana'ar ke kira musabaha, hanya ta buɗe. Wanda ba ka sa mabuɗinsa ba kuwa, ko zai shekara yana ƙwanƙwasawa akwatinka ba zai tanka ba, ko "wane ne" ba zai ce masa ba. Ranar da suka haɗa, Shekari ya saita nasa ya riƙa ƙwanƙwasawa a kai a kai don kada hanyar ta yi barci, ya kuma haɗa shi da sola, yana dariya yana cewa ko duk Kaduna ta yi duhu shi sai ya gaida Ɗahiru.

Da Hajiya, mahaifiyar Ɗahiru, ta rasu, Shekari bai zo jana'iza ba. Bai zo washegari ba. Ranar sadakar uku Ɗahiru ya buɗe kwamfuta ya duba kamarar Narayi, sai ga motar Shekari a ajiye a ƙofar gida, an ma lulluɓe ta. Wato yana gida! Mutumin da ya ci tuwon Hajiya har ya girma, yana zaune a gida ya miƙe ƙafa. Nan take Ɗahiru ya goge mabuɗin Shekari daga akwatinsa, ya toshe lambarsa da ta Lydia, ya rantse wa Fiddausi in ta ƙara ambatar sunan nan a gidan sai ranta ya ɓaci. Ba ta ƙara ba.

Abin A'isha ya ci gaba. Kowace yamma sai ta koma zaure, in an riƙe ta maza biyu ba sa iya danne ta. Gaɓoɓin yatsunta suka fashe, jini ya ɓata bangon, ta daina cin abinci sai ruwa. An kai ta asibiti, an duba, an ce ba a ga komai ba. Fiddausi ta tsaya a gaban mijinta ta ce masa ko ya ɗauko Malam Mukhtari mai ruƙiyya daga Tudun Wada, ko ita ta ɗauki 'yarta ta tafi da ƙafa.

Malam Mukhtari ya iso bayan la'asar, ɗan siririn dattijo, ba ya ɗaga murya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, ya nemi ruwa a ƙwarya da ganyen magarya, ya zauna yana jira. Rana ta yi ƙasa, zauren ya yi duhu-duhu, hayaniyar layi ta lafa kamar an rufe ta da bargo. A'isha ta shigo da kanta, ba ta kalli kowa ba, ta zauna ta ɗaga hannunta mai ciwo. Malam ya fara karatu. Ya daɗe yana yi kafin jikinta ya ɗauki rawa, ta yi wata ƙara da ta sa Fiddausi ta toshe kunne.

"Ya isa! Kana ƙona ni a kan me? Ni aka zalunta!"

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai gidan nan. Ina saman zauren nan tun kafin a kafa masaƙun Kakuri. Na jure jiniyarsu, na jure jirgin ƙasa, na jure janareta. Na taɓa taɓa wani a gidan nan? Ka tambayi wannan mai kumburin!"

"To me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta ne. Ya kafa ƙofa a kan shimfiɗata, na yi haƙuri, don da ana ƙwanƙwasawa ana buɗewa, a wuce, in yi barcina. Tun damina kuwa wani yake ƙwanƙwasawa ba a buɗe masa. Safe, rana, dare, ba ya gajiya, ba ya fushi ya tafi. Ku ba ku ji, ni nake ji, a cikin kaina yake sauka! Na yi jifa don ku gane, wannan ya hau rufi yana zagin yara."

Ɗahiru ya tuna da mabuɗin da ya goge. Ya ɗaga kai ya dubi akwatin. Ƙaramar fitilarsa ta yi ƙyaf, a daidai lokacin hannun A'isha ya sauka a bango. Ya jira. Fitilar ta sake yin ƙyaf, hannun ya sake sauka. Maimakon tsoro sai wani baƙin fushi ya taso masa. Wato bayan wulaƙancin da Shekari ya yi masa, har gida ya biyo shi ya nakasa masa 'ya! Ya taka kujera ya fizgo akwatin da wayoyinsa ya yi jifa da shi a ƙasa.

"Shi kenan, na cire! Fita daga jikin 'yata!"

A'isha ta kalle shi, bakinta ya karkace da dariyar raini.

"Dubi wawa. Ka cire ƙofa, ka cire mai ƙwanƙwasawa ne? Ga shi nan yana zuwa, yanzu a kan bango tsirara yake bugawa." Hannun ya sake sauka, jini ya fito sabo.

Malam ya dubi Ɗahiru. "Kai ka san sana'arka. Gaskiya ya faɗa?"

Da ƙyar ya amsa. "Gaskiya ne, Malam. Daga nan ba zan iya hana shi ba. Sai dai a kashe na can, ko in mayar da mabuɗinsa. Kuma na goge shi, sai na karɓo a hannunsa."

Malam ya juya ga yarinyar, muryarsa ta yi ƙarfi a karo na farko. "Ka ji. Haƙƙinka a kan uban yake, ba a kanta ba, kuma abin da ka yi mata zalunci ne, za ka amsa shi gaban Allah. Ka fita yanzu."

"In na fita ya manta da ni."

"Ba zai manta ba. Ka fita, ko in ci gaba da karatu har ka zama toka."

Malam ya gyara zama zai ci gaba da karatu. Sannan muryar ta dawo, ta yi sanyi amma ba ta yi laushi ba. "Zan fita. Amma in ladan ya kira magaribar gobe ana ƙwanƙwasawar nan, zan dawo, kuma ko za ka ƙona ni tare da ita ba zan sake fita ba." Malam ya sa shi ya yi rantsuwa, ya ce ya fita ta ɗan yatsan ƙafa. A'isha ta miƙe ta sandare, ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta tana cewa hannunta na ciwo.

Da hantsi Ɗahiru ya hau babur ya nufi Narayi, yana tafe yana shirya maganganun da zai gasa wa Shekari. Ya ƙudurta ba zai karɓi mabuɗin kowa ba, zai sa a kashe akwatin ne ya juyo. Motar tana nan inda ya gan ta, sai dai tayoyinta sun sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. Lydia ce ta buɗe ƙofa. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ba ta ce ya shigo ba.

"Oga Ɗahiru. Ashe kana da rai."

"Maman Grace, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ina mijinki? Uwata ta mutu yana kwance a gida..."

"A kwance yake kam!" Muryarta ta fashe. "Ranar da aka ce Hajiya ta rasu yana sa takalmi zai zo wurinka ya faɗi a nan, a nan inda kake tsaye! Maƙwabta ne suka kai shi asibiti a motarsu. Da na samu kaina na kira ka, na kira, na kira, ashe toshe ni ka yi kamar wata mai bara. Na ce wallahi ko zan mutu ba zan taka Makera ba. Shiga ka gan shi, mai zuciya!"

Shekari yana zaune a keken guragu kusa da taga, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A kan teburin gefensa nasa akwatin yake, fitilarsa tana ƙyaftawa. Da ya ga Ɗahiru sai idonsa ya cika, ya yi ta ƙoƙarin magana, sauti kawai ke fita.

"Ko goge ƙura na zo yi kusa da abin nan sai ya yi ta ihu," in ji Lydia. "Kullum sai ya sa Grace ta buɗe masa kwamfuta ya ga ko hanyar ta haɗu. In kashewa ka zo yi, ga wayar wutarsa can, cire. Sai ka cika aikinka."

Ɗahiru ya tsaya da hannunsa a kan wayar. Fizga ɗaya ce, 'yarsa ta tsira. Fushin da ya yi wata da watanni yana kiwo ya juyo ya rasa wanda zai ci sai mai shi. Ya saki wayar, ya jawo kwamfutar ya ɗora a cinyar Shekari.

"Ba ni mabuɗinka."

Da hannun hagu, yatsa ɗaya, yana kuskure yana gogewa, Shekari ya shiga ya buɗe wurin. Ga dogon layin haruffan nasa na bayarwa. A ƙasa da shi kuma ga mabuɗin Ɗahiru yana nan inda aka sa shi tun ranar farko, ba a taɓa shi ba.

Ɗahiru ya kwafi mabuɗin ya koma Makera. Sai da la'asar ta wuce ya gama gyara abin da ya farfasa da hannunsa, don akwatin ya tsage, wayoyi sun tsinke. Ya mayar da shi saman zaure, ya zauna a ƙasa da kwamfuta, ya sa mabuɗin Shekari yana duba kowane harafi. Fiddausi tana tsaye a bakin ƙofa ta rungume A'isha, tana kallon yadda rana ke yin ja. Ya danna, ya jira. Fitilar ta yi ƙyaf. Akwatin ya amsa, aka yi musabaha.

Hoton ƙofar gidan Narayi ya fito. Lydia ta turo keken har gaban kamara, tana tsaye a baya ta harɗe hannu, fuskarta a murtuke, Shekari kuwa ya ɗaga hannun hagunsa, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Ladan ya kira salla. Kwano bai yi ƙara ba, hannun A'isha yana kwance a cinyarta cikin bandeji. Daga saman zauren aka ji wani ɗan motsi, kamar tsoho ya gyara kwanciya.

"Baba," in ji A'isha tana leƙen hoton, "Baba Shekari ne ya rame haka? Me ya sa ba mu je duba shi ba?"

Ɗahiru ya ajiye kwamfutar. Ya tashi ya fita ƙofar gida ba takalmi, ya tsaya a ƙarƙashin tasa kamarar ya ɗaga hannu sama. Masu tafiya masallaci suna wucewa suna kallonsa, hawaye na bin gemunsa, shi kuwa bai sauke hannun ba har aka tayar da salla.