Iyakar da Ta Tsaya a Bakin Kogi

Wata ranar Talata da hantsi, a ƙarshen damina, lokacin da tsufa ya fara sa sarki dogara sanda, Sarkin Yaƙi ya shigo zauren shawara da taɓon hanya a ƙafarsa. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, birnin hayin kogi ya kusa faɗuwa, yunwa ta gama da su. Wa za a ɗora a kansa?"

Dokar daular tun kakanni ita ce, duk ƙasar da aka ci da yaƙi jinin sarki ne zai riƙe ta, kuma wanda aka tura ba ya sake taka babban birni, don kada ya yi kwaɗayin gadon mulki. A haka sarki ya rabu da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, sannan 'yan'uwansa. Ɗakunansu na nan a rufe, gizo-gizo ya yi saƙa a ƙofofin. Saura ƙanensa Auta, gurgu, wanda shi kaɗai yake sa hannu a kwanon sarki.

Da azahar suka zauna cin abinci, su biyu a kan doguwar tabarmar da a da ba ta isar mutanen gidan.

"Yaya, na ji an zo kaina," in ji Auta. "Ka sa a nemo mini jaki mai haƙuri. Doki kam ya san ni, na san shi."

"Ci abincinka."

"Zan tafi fa. Kada a ce gurgu ya hana daula girma."

"In ka tafi, wa zai ce mini na yi kuskure?"

"Ga Waziri."

"Waziri ko tuntuɓe na yi, cewa zai yi ƙasa ce ta yi laifi."

Auta ya yi dariya har ya ƙware. Sarki ya miƙa masa ruwa, ya daɗe yana kallonsa.

Da la'asar ya kira Sarkin Yaƙi ya ce a janye runduna.

"Ranka ya daɗe, mun binne mazaje a gindin ganuwar nan!"

"Na sani. Ba ni da wanda zan ba ka."

Sarkin Yaƙi ya dubi Auta da ke jingine da ginshiƙi, sai ya sunkuyar da kai.

Runduna ta hayo kogi ta dawo gida. Auta ya rasu da bazarar da ta biyo baya. Sarki ya rayu shekaru bayansa yana cin abinci shi kaɗai, kuma daular ba ta sake ƙetare kogin ba, a zamaninsa ko bayansa.