Kar Ki Shigo!

"Na ce an fasa auren nan! An fasa!"

Muryar Mama ce ke tashi daga wayar ɗanta Dogo, saurayin Auta, a tsakiyar falon su Auta. Auta ta dafe kai. Wai duk a kan hoda!

Aikin Auta a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, shi ne auna furotin, ƙwayoyin nan na jikin mutum da ido ba ya gani. Takan haska musu siririn hasken leza a cikin 'yar kwalba, yadda hasken ya watsu shi ke faɗa mata girmansu. Ƙura ɗaya ta faɗa ciki, shi ke nan, ta kwashe hasken duka. Jiya kuwa Mama ta kai mata ziyarar ba-zata, fuska ta sha hoda, tana kaɗa mayafi, ga kwalba a buɗe. Abin da ya fito daga bakin Auta, a gaban abokan aiki, shi ne, "Kar ki shigo!"

Yanzu Auta ta dubi Dogo. "Haba, Dogo! Wata da watanni nake tace furotin ɗin nan!"

"Na sani. Amma uwata kika daka wa tsawa. Ko sannu da zuwa babu."

"To in zuba ido aikina ya lalace?"

"Ina son ki, Auta, amma ba zan aure ki a kan fushinta ba."

Auta ta sha kuka har ta gode Allah. Abin haushin, ita ce da gaskiya! Ta je gidan Mama, aka ce tana barci. Ta koma, aka bar ta tsaye a ƙofa. Ta haɗiye takaici, ta yi ta komawa.

Ran da aka ce ta shigo, ta durƙusa ta nuna hasken taga. "Mama, kin ga yadda ƙura ke ƙyalli a ciki? To haka leza..."

"Ke, dakata! Lacca kika zo yi min?"

Auta ta sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo.

"Na yi miki rashin kunya, Mama. Ki yafe min."

Mama ta ce, "Abin da nake jira ke nan. Tashi, 'yata. Kira min Dogo, a sa rana."

'Yan mata, ko da gaskiyarku, ku tausasa harshe. Auta ta tsira da kwalbarta, amma saura ƙiris ta rasa miji.