Gimbirin Ma'allim Faraji

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wata mace mai suna Zuhur ta shigo ofishin 'yan sanda na Sawira, garin bakin teku. Ba ta zauna ba. Ta ce an fasa ɗakin mahaifinta an ɗauke gimbirinsa.

Sufeto Lahsan ya ajiye kofin shayinsa. Duk garin an san mahaifin nata, Ma'allim Faraji, babban makaɗi. An kuma san gimbirinsa, babban molon nan mai tsirkiya uku da fatar raƙumi, wanda ya gada daga ubansa.

Makon bikin gari ne. Sanyi ya janye, bazara ta shigo. Masu zane sun rataye hotuna a jikin ganuwa, 'yan makaranta suna ta gwajin waƙa, an kafa dandamali a bakin teku. Gobe bayan la'asar Ma'allim zai hau. Ciwon ƙirji ya cinye shi. Ya riga ya faɗa wa kowa cewa hawansa na ƙarshe ke nan, kuma a gaban jama'a zai damƙa gimbirin a hannun 'yarsa ta gaje shi.

"Babu wani gimbirin a gidan?" in ji Sufeto.

"Akwai. Amma ba da su ake naɗa magaji ba. In ba wannan ba, babu wanda zai kira ni Ma'allima, ko da na fi shi iya kiɗa."

"Kin fi shi?"

"Tukuna."

Sufeto ya miƙe ya kira Saje.

Gidan yana cikin wani lungu da ko jaki da kaya ba ya iya wucewa. Sun tarar da tsohon a tsakar gida, lulluɓe da bargo, yana tari. A bayansa wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura a gemu yana tsaye. Wannan shi ne Bujuma'a, babban ɗalibin Ma'allim, shugaban masu kaɗa masa sambani. Sana'arsa fentin kwale-kwale a tashar jiragen ruwa.

Sufeto ya tambayi kowa inda yake. Maƙwabta ne suka tallabi Ma'allim zuwa masallaci. Zuhur ta kai kuskus wa matan da ke shirya baje kolin saƙa. Bujuma'a ya ce shi a masallacin bakin tasha ya yi salla, da ya zo cin abinci sai ya tarar ana salati. Ba a tambaye shi ba ya ƙara da cewa akwai mutum ɗaya da ya kamata a taɓa: Si Abdulkabir mai shagon kayan tarihi, wanda ya yi ta sintiri gidan nan yana son saya wa wani Bature gimbirin.

Sufeto ya duba ƙofar ɗakin. An ɓalle sakatar da ƙarfe. Ya ɗaga ƙafa zai shiga.

"Takalma," in ji Ma'allim.

Sufeto ɗan garin ne, ya san ba a shiga inda gimbirin Ma'allim yake da takalmi. Ya cire ya shiga.

Ba a taɓa komai ba. Ƙusa ce kawai a bango babu abin da ke kanta. Ya tsaya ya shaƙi iska. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin wata kantar kaya ya jawo kaskon turare. Tokar da ɗumi.

Ya kira Zuhur ya tambaye ta wa ya ƙona jawul a nan. Ta ce babu. Tun shigowar sanyi likita ya hana hayaƙi a gidan, ita da hannunta ta wanke kaskon ta kife. Shi ya sa ma ba a sauke gimbirin ba tun daga lokacin, domin a gidansu ba a ɗaga shi daga ƙusa sai an turara shi.

Sufeto ya mayar da kaskon inda yake. Ya ce mata kada ta faɗa wa kowa abin da ya tambaya.

Daga nan suka nufi kasuwa. Si Abdulkabir yana bakin shagonsa yana goge wata fitila.

"Si Abdulkabir, har yanzu kana sayar da tsofaffin ƙofofin da aka sassaƙa makon jiya?"

"Tsufa a ido yake, Si Lahsan. A kawo shayi?"

"Ina kake lokacin salla?"

"Ina zan kasance? Babban masallaci."

"A sahun gaba nake. Ban gan ka ba."

"Ai a baya na tsaya."

"To ni ma a baya nake. Gwada ka na yi."

Saje ya yi dariya. Si Abdulkabir bai yi ba. Sufeto ya ce masa an ambaci sunansa a zancen sata, kuma in yana son ya kwana a ofis a makon da Turawa suka cika gari, to ga mota can a bakin ganuwa.

Sai gaskiya ta fito. Ya ce e, ya je gidan. Ya zaɓi lokacin salla ne don ya sami Zuhur ita kaɗai ya sake tayin gimbirin a wajenta, ko ita za ta fi ubanta sauƙin kai. Ya tarar da ƙofar waje a buɗe, ya shiga. A bakin ɗakin ya ga dogayen takalman roba an jera su gefe da gefe, duk ɗigon shuɗin fenti, hayaƙin turare na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ya ɗauka wani aikin nasu suke yi.

"Ni da iskokin mutanen nan ba ma ga maciji. Na juya ko sallama ban yi ba."

"Sakatar fa?"

"Ban duba ba. Gudu nake."

Da suka fito Saje ya ce ai magana ta ƙare, a je a kamo mai fenti. Sufeto ya ce a'a. Rabin mutanen tasha irin takalman suke sawa, kuma kowane kwale-kwale a garin nan shuɗi ne. Ko da shi ne, in aka kama shi yau zai rufe baki har bikin ya wuce. Gimbirin ake nema tukuna.

Asabar ta waye da hazo daga teku. Bangaye suna gumi. Sufeto ya zo saka rigarsa ya ji ta da laima, sai ya tsaya da ita a hannu.

Danshin Sawira yana kwantar da fatar gimbiri, ya bar shi da murya kamar ana bugun kwali. Ɓarawon da ya cire takalmi, ya ƙona turare kafin ya yi sata, ba zai jefa kayan a rumbun kifi ko ƙarƙashin gado ba. Zai nemi wuri busasshe mai ɗumi. Irin wuraren nan ba su da yawa a garin: gidajen gasa burodi, sai ɗakunan wuta na gidajen wanka, inda ake dafa ruwa.

Ya raba aiki. Kurata su bi masu burodi, shi da Saje su bi gidajen wanka.

Ba su dace da wuri ba. Wani mai hura wuta ya rantse da kabarin uwarsa babu abin da aka kawo masa. Wani ya ce su duba har cikin murhun in suna so. Hantsi ya wuce. Daga bakin teku ana jin masu gwada lasifika. Saje ya ce ko a nemi masu bikin su ɗaga hawan Ma'allim zuwa wani mako. Sufeto ya tambaye shi ko ya ji irin tarin da tsohon yake yi. Suka ci gaba.

Bayan azahar suka sauka matakalar ɗakin wutar Ba Hammu, kusa da ƙofar tasha. Tsoho ne kurman kunne ɗaya, yana watsa garin katako cikin murhu. Ya ce babu abin da ke nan sai shi da zafi.

Komai a ɗakin baƙi ne, har gashin girar mai shi. Sai abu ɗaya: a bayan ƙofa, wani dogon ƙunshi a farin ƙyalle rataye a bango. Sufeto ya cire takalmansa ya ɗaga gefen ƙyallen. Gimbirin ne, fatar a ɗaure tamau.

Ba Hammu ya ce tsintarsa ya yi a bakin ƙofa.

"Ka tsinta, ka sayo farin yadi, ka buga sabuwar ƙusa?"

"Ina da tsabta."

"Wa ya kawo?"

"Na yi rantsuwa, ɗana. Kai ni inda za ka kai ni."

Sufeto bai matsa ba. Ya juya wajen Saje yana magana da ƙarfi don kunnen mai ji ya ji. Ya ce ba sai an wahalar da tsoho ba, wani sakaran ɗan tasha ne ya ɗauka, irin waɗanda ko riƙe gimbiri ba su iya ba, balle su fitar da sauti.

Ba Hammu ya jefar da shebur.

"Bai iya ba? Jiya da ya taɓa shi a nan, sai da na bar wutata ta kusa mutuwa. Mutum tun yana saurayi yake ɗauke da shi a bayan Ma'allim, har ya yi furfura, ba a taɓa ce masa ungo ba, kai kuma ka zo ka ce..."

Ya ɗauki shebur ɗinsa ya juya baya.

Sufeto ya saki ƙyallen ya mayar da takalmansa. Maganar tsohon da ya yi rantsuwa ba za ta tsaya a gaban alƙali ba. Ya aiki Saje bayan dandamali ya kira Bujuma'a, ya ce masa kawai Sufeto yana son ya duba wani ƙarfe da aka tsinta. Ya hana Ba Hammu motsi.

Bujuma'a ya sauko cikin kayan kiɗa, ja da kore, hula mai wuri a kansa. Ƙofar ta tare bangon, daga matakala ba a ganin komai sai murhu. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya zame silifas ɗinsa ya jera su, ya taka ƙasa mai garwashi ba takalmi.

Sufeto ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Me ya sa ka cire takalmi, Si Bujuma'a?"

"Ladabi ne."

"Ladabin wa? Ba Hammu da takalminsa yake. Ni da nawa. Ɗakin wuta ne. Wa ya gaya maka abin da ke bayan ƙofar nan?"

Bujuma'a ya kalli ƙafafunsa. Sannan ya ce shi ne. Da mabuɗinsa ya shiga, sakatar kuma ya ɓalle ta ne bayan ya fito, don a ce baƙo ne. Sunan Si Abdulkabir ma da gangan ya jefa.

Saje ya zaro ankwa. Ana kiran la'asar.

Sufeto ya miƙa hannu zai sauke gimbirin. Bujuma'a ya ce don Allah a dakata. Ba a turara ba. Kuma ba a ɗaukarsa a hammata kamar buhun gawayi. Ya roƙa a bar shi ya kai da kansa, daga nan a yi da shi yadda doka ta ce.

Sufeto ya duba agogo, ya ce ya yi sauri. Bujuma'a ya fitar da jawul daga aljihu, Ba Hammu ya ɗebo masa garwashi.

Haka suka ratsa gari, shi a gaba da farin ƙunshi a kan hannu biyu, 'yan sanda a bayansa. Masu sayar da kayan miya da masu gasa kifi suna ba su hanya. Wasu har tafi suke yi, sun ɗauka shi ya gano kayan.

A rumfar bayan dandamali Ma'allim yana kan kujera, an naɗa masa rawani. Zuhur tana gefe da wani gimbirin daban a cinyarta. Bujuma'a ya durƙusa ya ajiye ƙunshin a kan gwiwoyin tsohon. Ma'allim ya buɗe, ya ƙwanƙwasa fatar da yatsa, ya saurara. Sannan ya dubi Sufeto. Sufeto ya nuna mai durƙuso da haɓa.

"Kai?"

"Ni ne, Ma'allim."

"Sayarwa za ka yi?"

"Allah ya kiyaye. Ɓoyewa zan yi har bikin ya wuce."

"Sai kuma me?"

Bujuma'a bai ɗago ba.

"Na ji abin da likita ya ce. Na san ba za ka kai wata bazarar ba. In ka tafi ba ka miƙa wa kowa ba, jama'a ni za su ba."

Zuhur ta ajiye gimbirin da ke cinyarta a hankali.

Ma'allim ya yi tari mai tsawo. Da ya lafa ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, da a ce hannu kawai ake dubawa da tuni ya ba shi, domin ya sha jin sa yana kiɗa a ɓoye kuma hannun yana da kyau. Abin da ya hana shi, yau kowa ya ji da kunnensa.

Zuhur ta matso wajen Sufeto ta tambaya a hankali ko za a iya barin maganar a gida, tunda kaya sun dawo, kuma mutumin nan shi ya goya ta tana ƙarama. Sufeto ya ce fasa ɗaki ne, ga ƙazafi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Maganar ba tata ba ce kuma, ba tasa ba ce, ta doka ce.

Mai gabatarwa ya kira sunan Ma'allim Faraji. Jama'a suka ɗauki sowa. Tsohon ya ƙi a tallabe shi. Ya miƙe da kansa, ya ce wa 'yarsa ta wuce gaba.

Bujuma'a ya cire hular wurin, ya zaro sambaninsa daga ɗamara ya miƙa wa na bayansa a ƙungiya, ya ce masa kada ya yi gaggawa a waƙar farko, Zuhur ba ta son a gaggauta mata kiɗa. Sannan ya haɗa hannuwansa ya miƙa wa Saje.

Suka fita da shi ta bayan rumfa, ta hanyar da babu mutane.